Kula da binciken laifin jami'ai a FBI: ci gaba ne ko hukunci?

Malam, ka tambaya ko babban jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, da aka ɗora kan binciken laifukan abokan aikinsa ci gaba ya samu, ko kuwa ajiye shi gefe aka yi. A ganina ci gaba ne, sai dai mai ɗaci.

A Amurka, ƙorafi kan jami'in FBI yakan fara bi ta ofishin Sufeto Janar na Ma'aikatar Shari'a, wanda aka faɗaɗa huruminsa kan hukumar a 2001. Shi ke ɗaukar manyan zarge-zarge, sauran ya mayar wa masu binciken cikin gida. Wanda ya bincika kuma ba shi ke yanke hukunci ba, wannan na OPR ne, wato ofishin ladabtar da ma'aikata na FBI.

Inda shugaban masu binciken ke haɗa gumi shi ne ranar tambayoyi. Tun hukuncin Garrity na Kotun Ƙoli a 1967, in aka tilasta wa ma'aikaci magana da barazanar kora, ba za a kafa hujja da amsarsa a shari'ar laifi ba. Shi ya sa kafin a zaunar da mutum sai an tuntuɓi masu gabatar da ƙara, don garaje a nan na iya rusa shari'ar baki ɗaya.

Ƙarya bayan rantsuwa kuwa takan fi laifin farko tsada, galibi kora ce. Ko jami'in ya tsira daga kora, hukuncin Giglio na Kotun Ƙoli na 1972 ya wajabta a sanar da lauyan wanda ake tuhuma wannan ƙaryar a shari'ar da jami'in zai ba da shaida, daga nan shaidarsa ta yi rauni.

Abokai za su ragu, wannan kam ka sa a ranka. In fayil ɗin amininka ya iso teburinka, dole ka tsame hannu ka miƙa wa wani.