Shin bayanin cikin firogiram yana rage gudun injin CNC?

Tambaya: Ina aiki da injin CNC, wato injin yanka ƙarfe da ke bin firogiram na kwamfuta, mai kwantirolar kamfanin Fanuc, a Idu, Abuja. Ogana ya ce in goge duk bayanan da na rubuta cikin baka biyu ( ) a firogiram, wai suna rage gudun inji. Yanzu ina tsoron mai karɓata da dare ya ɗaura wuƙar da ba ita ba. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanena, tsoronka yana kan hanya. Kwantirola tsallake abin da ke cikin baka biyu take yi, gudun yanka kuwa F (saurin tafiyar wuƙa) da S (saurin juyawar sifindil, abin da ke juya wuƙar) ne ke tsara shi. Wannan magana ta rage gudu ta yi yawa a shagunanmu. Gaskiyar da ke ciki ɗaya ce: tsofaffin Fanuc ma'adanarsu ƙarama ce, kowane harafi na cin wuri. Maganin wannan shi ne a taƙaita bayani, ko a turo firogiram daga kwamfuta ta wayar haɗi ta RS-232. Amma a goge gaba ɗaya? Mutum ya ga T04 M06 (umarnin ɗauko wuƙa ta huɗu) tsirara, bai san ko bitin huda rami ne ko wuƙar share fuskar ƙarfe ba, bai san G54 (inda awon aiki ke farawa) daga saman ƙarfe aka ɗauke shi ko daga gindinsa ba. Kuskuren milimita 20 a Z (hawa da saukar wuƙa), inji na gudun G00 (tafiya da cikakken sauri), ya isa ya karya wuƙa, ya taɓa sifindil, wani lokacin har ɓaraguzai su sami mutum. Sakan nawa aka tsira da shi?

Ka sa sunan aiki cikin baka biyu bayan lambar O, wato lambar firogiram, a layi ɗaya da ita, zai fito a jerin firogiram. A kowane canjin wuƙa rubuta irinta da girmanta, misali T04 M06 (BITI 8.5 NA ZAREN M10), ka duba H04 (awon tsawon wuƙa ta huɗu) ne ke bin G43, umarnin da ke sa inji amfani da tsawon wuƙa. Inda aka sa M00 (tsayar da inji), faɗi dalili: juya ƙarfe ko awo.

Manyan haruffa kawai, ban da ƙ, ɗ, ɓ, kuma kada ka sa baka cikin baka. A kwantirolar Siemens waƙafi mai ruwa (;) ne ke buɗe bayani, a Fanuc kuwa ƙarshen layi yake nunawa.

In ka canza wuƙa a kan inji, gyara bayanin nan take, domin na dare abin da ya karanta zai ɗaura. Oga kuma, cikin ladabi ka roƙe shi ku gudanar da firogiram ɗin da bayani da kuma babu, ku duba lokacin a allo.