Manhajar da Ka Bayar Kyauta: Haƙƙinka da Alhakinka

Wani malamin makaranta daga Zariya ya rubuto mini: "Barista, na haɗa 'yar manhajar lissafin rabon gado, na ɗora a GitHub (shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji), na kuma raba a WhatsApp saboda Allah. Yanzu wani ya goge sunana, ya ɗora ta a Play Store yana cin kuɗin talla. Ina da abin yi? Kuma in ta yi kuskure wani ya cutu, za a iya kai ni ƙara?"

Malam, Allah ya saka da alheri. Bayar da manhaja kyauta bai raba ka da mallakarta ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta sa manhajar kwamfuta cikin jerin rubuce-rubuce, tamkar littafi. Haƙƙin ya tabbata gare ka tun ranar da ka rubuta ta, ko ka yi rajista ko ba ka yi ba, ko ka sa alamar © ko ba ka sa ba, kuma zai ci gaba har shekara 70 bayan rasuwarka. Samun haƙƙin ba tare da rajista ba haka yake a sauran ƙasashen Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mallaka, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ko da yake yawan shekarun ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Amma ka lura, hukunce-hukuncen gado da ke Suratun Nisa'i ba mallakar kowa ba ne. Rubutun manhajar da ka zauna ka tsara, shi ne naka.

Tunda ba ka sa lasisi ba, wato rubutattun sharuɗɗan amfani da manhajar, wancan mutumin ba shi da takardar da ta ba shi izini. Sai dai lauyansa zai ce yadda ka riƙa rabawa ya nuna ka yardar wa kowa, kuma doka ta amince ana iya fahimtar izini daga ɗabi'ar mai abu. Duk da haka, goge sunanka ba shi da mafaka, domin doka ta ba marubuci haƙƙin a jingina masa aikinsa. Fara adana hujja: tarihin ranakun da ke GitHub da hotunan shafinsa. Ka rubuta masa wasiƙa. In ya yi kunnen uwar shegu, Google na da fom na ƙorafin satar fasaha, wanda kan kai ga sauke manhaja. Kana iya sanar da Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Shari'ar ta Babbar Kotun Tarayya ce, amma ba na so ka fara da ita, don kuɗin da za ta ci zai iya fin na tallan.

Daga yau ka sa layi ɗaya a saman kowane fayil: alamar ©, shekara, da sunanka. Sannan ka zaɓi lasisi. Na MIT gajere ne: kowa ya ɗauka, ya gyara, har ya sayar, muddin ya bar sunanka da rubutun lasisin. GPL, wanda sigarsa ta uku ta fito a 2007, ya ƙara sharaɗi: duk wanda ya gyara ya raba, dole ya buɗe nasa rubutun a kan lasisin nan. Ga mai neman lada irinka, GPL nake gani ya dace, ko da yake shi ma bai hana sayarwa ba.

Tambayarka ta biyu ta fi damuna. Lasisin biyu duk suna ɗauke da sakin layin da ke cewa an bayar da manhajar yadda take, ba garanti, kuma marubuci ba zai ɗauki asarar kowa ba. Yana da amfani, kuma kasancewar ba ka karɓi ko kobo ba zai wahalar da mai son cewa akwai kwantiragi tsakaninku. Amma kotu kan tsaurara wajen fassara irin wannan sharaɗi, ta kuma tambaya ko mai amfani ya gan shi tun kafin ya fara. Turancin da aka ɓoye a fayil, ɗan kasuwar da ya samu manhajar a WhatsApp bai taɓa ganinsa ba. Kuma sharaɗin ba ya kare wanda ya san akwai kuskure ya yi shiru da gangan.

Gado kuwa dukiyar marayu ce. Ka sa gargaɗi da Hausa a shafin farko, wanda sai an danna "na yarda" kafin a wuce: wannan don koyo ne da kintace, kada a raba dukiya sai malami ko alƙali ya duba. Ka faɗi mazhabar da ka bi, ka ba malamin fara'id ya gwada ta da mas'alolin auli (inda jimillar rabon magada ta zarce dukiyar, sai an rage wa kowa) da na kaka namiji da 'yan'uwa, kuma duk kuskuren da aka nuna maka ka gyara, ka sanar a inda ka raba ta.