Majalisa da kwangilar buga naira

Kana tambaya ko majalisar tarayya na da hurumin bincikar kwangilar buga naira, tunda Babban Banki ne ke bayar da ita. Ƙwarai kuwa. Sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 sun ba ta ikon kiran gwamnan bankin, ta nemi takardun kwangilar, har ta sa a kamo wanda ya ƙi amsa kira.

Amma fa sai ta shiga tun kafin a buga kuɗin. Lokacin canjin kuɗi, sai ƙarshen Janairun 2023 Emefiele, gwamnan bankin a lokacin, ya bayyana gaban kwamitin majalisar wakilai da Doguwa ya jagoranta, bayan barazanar kamu. Tuni an buga sababbin 200, 500 da 1000, ni kuwa ina layin banki tun asuba, kuɗin cefane ya gagara.