Kira ko saƙo? Amsa ga 'yar uwa mai sana'ar kayan mata

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce wata huɗu ke nan da fara sayar da kayan mata, waya ba ta barinki ki huta, har maigida ya fara magana, shi ya sa kike tambaya ko ki daina ɗaga kira ki koma WhatsApp kaɗai. Shekarata tara a wannan sana'a. A Sakkwato na koye ta wurin gwaggona, aure ya kawo ni Kaduna. Shawarata kada ki rufe kira, amma kada ki yarda a gama ciniki a cikinsa. Maganar sirri a baki, maganar kuɗi a rubuce.

Sana'armu ba ɗaya take da ta mai atamfa ba. Matar da ta nemi tsumi ko gumba ko goron tula, sau da yawa ba kayan kaɗai take nema ba, akwai abin da ke damunta a ɗakinta wanda ko mahaifiyarta ba ta iya gaya wa ba. Kuma wayar da ke hannunta ba tata ce ita kaɗai ba. Miji yana dubawa, yara suna kallo a ciki, ƙanwar miji tana ara ta yi kira.

A shekarata ta biyu wata amarya ta rubuto min doguwar wasiƙa da daddare, ta zayyana komai tsakaninta da angonta. Ni ma na zauna na ba ta amsa a rubuce dalla-dalla, ina ganin taimako nake yi. Bayan kwana uku ta kira ni, muryarta na rawa, da ƙyar take haɗa magana. Ƙanwar mijinta ta karɓi wayar za ta tura hoto, ta karanta, kafin magariba zancen ya kai gidan surukai. Har yau idan na tuna kukan yarinyar nan sai jikina ya yi sanyi, domin da hannuna a ciki. Tun daga ranar, da na ga mace ta fara buɗe cikinta a rubuce sai in ce, "Hajiya dakata, goge wannan, yaushe kike ke kaɗai in kira ki?"

Za ki ji ana cewa ai WhatsApp a kulle yake, tun 2016 babu mai iya karanta saƙo a hanya. Gaskiya ne, amma a hanya ke nan. Wanda ya riƙe wayar a buɗe ya gama ganin komai. Ki koya wa kwastomominki kunna saƙo mai ɓacewa, akwai na awa 24, na kwana 7 da na kwana 90. Yana rage ɓarna, sai dai bai hana a ɗauki hoton fuskar waya kafin ya ɓace ba. Saƙon murya kuma yana da amfani sosai, musamman ga matan da rubutun boko ke ba su wahala, amma ki tuna ana tura shi gaba. Duk abin da ba za ki so a ji da muryarki a gidan biki ba, kada ki naɗe shi.

Akwai kuma manyan mata masu sayen kayan gyaran amarya don 'ya'yansu. Waɗannan ba sa sakin kuɗi sai sun ji muryarki, kun gaisa, ta tambaye ki 'yar ina ce ke, wa ya koya miki. Minti biyar na gaisuwa da ladabi ya fi hotuna hamsin a wurinsu.

To amma da an zo kan kuɗi, komai ya koma rubutu. Na taɓa dafa kazar amare guda biyu a kan maganar waya, na ɗora a mota, matar ta rantse ɗaya ta ce. Ba ni da abin nunawa, na haƙura da asarar. Yanzu ina ajiye waya nake rubuta mata: ga kayan da kika zaɓa, ga kuɗinsu, ga kuɗin mota, ga tashar da za a kai, ga ranar. Sai ta amsa da "na amince" kafin in kunna wuta. Idan kaya sun tashi in tura lambar direba nan a ƙasa. Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kusan kowa ya koma tiransifa, masu turo rasit na bogi ma suka yawaita. Kada ki yarda da hoton rasit, ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki.

Ki raba layi tun yau. Layin gida daban, na sana'a daban, shi ne za ki ɗora wa WhatsApp Business. Ki lura, a OPay lambar wayarki ita ce lambar asusunki, an cire sifilin farko kawai. Idan da layin gida kika buɗe, duk wanda kika ba lambar asusu kin ba shi lambar da 'yan uwanki ke kiranki da ita.

Maza kuwa, akwai mutanen kirki masu saya wa iyalinsu, amma su a rubuce kawai nake hulɗa da su. Wanda ya ce sai ya ji bayani da bakina, ko ya danno kiran bidiyo, ba ciniki ya kawo shi ba. Ba na musu da shi, rufe shi nake yi nan take.

Kada kuma ki zuba duk ƙwanki a WhatsApp da Instagram. Dokokin kasuwanci na Meta, kamfanin da ya mallake su, sun hana tallan kayan manya, kalmomin batsa ko hoto marar kamun kai na iya jawo a rufe miki shafi dare ɗaya. Ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram duk suka ɗauke wajen awa shida, a ranar, ta hanyar kira na sallami masu jiran kaya. A Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a Zamfara, matar da ke haɗo min wasu itatuwa daga Gusau sai ta hannun direba muke aika wa juna takarda. Saboda haka ina da littafi mai bango, lambar kowace kwastoma na ciki da alamar da ni kaɗai na gane, ba cikakken suna ba. Ki sa wa WhatsApp ɗinki lambar sirri ta biyu, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki, ɓarawo ne. Idan ya ƙwace shafin, sirrin matan mutane ya ƙwace.

Abu ɗaya da ba na yi a kira ko a rubuce shi ne zama likita. Mace ta ce tana ƙaiƙayi, ko fitar ruwa mai wari, ko zafi wajen kwanciya, asibiti nake tura ta, ba na sayar mata da ɗan matsi ko za ta ninka kuɗin. Kada ki rubuta "yana warkar da sanyi" a kan abin da ba shi da lambar NAFDAC, rubutun nan zai zama shaida a kanki.

Batun maigida, yana da gaskiya. Ni ina ɗaga kira daga ƙarfe goma na safe zuwa azahar, sai bayan la'asar zuwa shida. A WhatsApp Business akwai amsa mai tafiya da kanta idan ba kya kusa. Tawa cewa take, "Sannu da zuwa Hajiya, ki rubuta sunan kaya da garinku kawai, sauran bayani zan kira ki gobe da safe in sha Allahu." Da an kira magariba wayar sana'a tana cikin durowa.