Gas ɗin bindigar wasa ya ƙone min yatsa: me ya jawo, kuma yaya zan kiyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Ingila, na shiga ƙungiyar masu wasan airsoft, wato wasan harbe-harbe da bindigogi masu harba ƙananan ƙwallayen roba, na sayi ƙaramar bindiga mai aiki da gas. Jiya ina cika magazin, wato gidan ƙwallayen da ake ɗura wa gas, sai gas ya tsiyayo ta gefe ya zubo min a babban yatsa. Wurin ya yi fari fat, na daina jin taɓawa, daga baya ya kama zugi, da safe na ga bororo. Yaya abu mai sanyi zai ƙona mutum? Kuma me zan yi don kada ya sake faruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu, Allah ya sawwaƙe. Tunda har bororo ya fito, ka kai yatsan nan likita ya duba yau, kada ka bari sai gobe, kuma kada ka fasa shi.

Abin da ke cikin gwangwanin ba iska ba ce, ruwa ne. Wanda ake sayar muku da sunan koren gas furofen ne da aka sa wa ɗan man silikon, wato ɗan'uwan gas ɗin girki. Matsi ne ya riƙe shi a matsayin ruwa. Furofen yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifiri, don haka da zarar ya fito sarari sai ya rikiɗe ya zama iska, kuma ba ya rikiɗewa sai ya zuƙi zafi daga abin da ya taɓa. Dabarar da randa ke sanyaya ruwa ke nan, sai dai wannan cikin ƙiftawar ido yake yi. Idan fatarka ya samu, ruwan cikin tsoka ya daskare ya zama ƙanƙara, jini ya daina kai wa wurin. Farin da ka gani da rashin jin taɓawa daga nan suke. Abin da ya fi damuna da irin wannan ƙuna shi ne ba ta sa mutum ya fizge hannu kamar yadda wuta ke yi. Wurin yana mutuwa, mutum ya ci gaba da danna gwangwani yana ganin ba komai.

Sauran gas ɗin ma haka suke. HFC-134a, wanda bindigogin Japan irin na Tokyo Marui suka fi dacewa da shi, shi ne dai wanda masu gyaran AC na mota ke ɗurawa, yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifiri. Ƙaramin tulun gas ɗin CO2 mai giram 12, da wasu bindigogin ke aiki da shi, kuwa ya fi su haɗari: matsinsa a ɗumin ɗaki ya kai wajen 57 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", alhali na furofen bai wuce 8 zuwa 9 ba, kuma idan ya fita da ƙarfi yana iya zama busasshiyar ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifiri. Kada ka taɓa kwance murfin magazin tulun yana da sauran gas a ciki. Ka harba har ya ƙare tukuna, sannan ka sassauta a hankali, bakin yana kallon nesa da fuskarka.

Wajen cikawa, yawancin ƙunar daga karkacewa take zuwa. Cire magazin daga bindiga, kife shi bawul yana sama, kife gwangwanin a kansa, su tsaya a miƙe sambal. Riƙe magazin daga tsakiya, kada yatsa ya kusanci inda bakunan biyu suka haɗu. Danna na daƙiƙa uku zuwa biyar, ka saki, ka sake. Idan ka ji tsiii mai ƙarfi ko ka ga farin hazo yana fita ta gefe, ɗaga gwangwanin nan take. Ko dai ya cika, ko bakin bai zauna ba, ko zoben robar da ke cikin bawul ɗin ya bushe. Safar hannu ta fata ko ta aiki tana taimakawa, amma ban da ta ulu: tana shan ruwan gas ta manna shi a fata, gara ma babu. Zoben robar nan man silikon kaɗai ake sa masa, man inji yana cinye shi. Ka riƙa barin ɗan gas kaɗan a magazin idan za ka ajiye, robar ba za ta saki ba. Kuma ka sa tabaran kariya tun lokacin cikawa, ba sai an shiga fili ba, domin feshin nan idan ya samu ido abin ba kyau.

In tsautsayi ya sake gittawa, cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, ka tsoma shi a ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri, digiri 37 zuwa 39, na minti 15 zuwa 30. Ka gwada ruwan da ɗaya hannun, don wanda ya ƙone ba zai faɗa maka gaskiya ba. Zai yi zafi sosai yayin da jini ke dawowa, ka daure. Ban da murzawa, ban da kara shi a hita ko wuta, ban da man goge baki, manja ko ƙwai da muka saba shafa wa ƙuna a gida. Rufe shi da bandeji mai tsabta ba tare da ɗaurewa tamau ba. Bororo, launin toka ko baƙi, ko rashin jin taɓawa bayan ɗumamawa, duk na asibiti ne. Idan ido ne, wanke shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti 15 ka tafi asibiti kai tsaye.

Furofen yana kama wuta, kuma ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa. Kada ka cika a ƙaramin ɗakin kwanan ɗalibai da taga a rufe, ko kusa da mai shan taba. A sanyin Ingila za ka ga bindigar ta yi rauni, wasu sai su ɗora magazin a kan hita. Kada ka bi su. Sa shi a aljihu, ɗumin jikinka ya isa. Gwangwanin kada ya kai digiri 50, mota a rufe cikin rana tana wuce haka.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan iya yin shiru a kansa ba. Cire magazin ba ya nufin bindigar babu komai, ƙwallo ɗaya na iya maƙalewa a ciki. Ja ɓangaren saman bindigar mai zamewa zuwa baya ka duba, yatsa kuma nesa da kunama. Kuma daga nesa ba mai bambance ta da ta gaske. A watan Nuwamba na 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a birnin Kilibland na Amurka, yana riƙe da irin wannan bindigar. Daga ɗakinka zuwa filin wasa, ta zauna cikin jaka a rufe, magazin a ware, kuma kada ka sa ta a kayanka idan za ka taho gida hutu.