Ina son shiga gasar nuna karnuka, daga ina zan fara?

Tambaya: Malam, ni matashi ne mazaunin Jidda, kuma na daɗe ina sha'awar karen Saluki. Na tara ɗan kuɗi ina son in sayi kwikwiyo in riƙa shigar da shi gasar nuna karnuka, amma ban san kowa a harkar ba. Me zan fara yi?

Amsa: Ƙanena, shawarata ta farko ita ce ka ajiye kuɗin nan tukuna, ka nemi ubangida kafin ka nemi kare. Dalili kuwa shi ne, alƙalin gasa ba ya duba wane kare ne ya fi burge ido, yana auna kowane kare ne da rubutacciyar siffar jinsinsa, kuma sabon shiga ba ya iya hango wannan siffa a jikin kwikwiyo ɗan wata biyu, komai yawan hotunan da ya kalla a intanet. A ma'aunin FCI, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da jinsunan karnuka da gasarsu, wadda aka kafa a 1911 kuma hedikwatarta ke Beljiyam, tsayin Saluki daga ƙasa zuwa kafaɗa yana tsakanin santimita 58 da 71, kuma an yarda da iri biyu, mai kwantaccen gashi da mai dogon gashi a kunnuwa da wutsiya. Wannan kowa zai iya haddace shi. Amma zurfin ƙirji, da yadda ƙafafun baya ke tura jiki idan kare yana sassarfa, sai wanda ya shekara yana kiwo ya ɗora hannunka a kai sannan za ka gane.

Ka yi sa'a da ka zaɓi Saluki, domin masanansa suna nan kusa da kai. Karen farautar Larabawa ne tun zamanin da, kuma masu kiwonsa sukan ajiye shi a gonaki da gidajen hutawa na bayan gari, ba a tsakiyar unguwa ba. Za ka haɗu da su a baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, haka nan a baje kolin farauta na Abu Dabi, inda ake gasar kyan Saluki. Ka je ka yi kallo, kada ka tari mutum da tambaya yana shirin shiga fili. Bari ya gama, ka gaishe shi, ka nemi izinin ziyara.

Idan ya karɓe ka, ka zauna kamar yadda yaron shago yake zama da maigidansa: ka share wuri, ka canza ruwa, ka taje gashi, ka riƙe igiya. A nan ne za ka koyi tsayar da kare cak yadda alƙali zai ga surarsa, da tafiya da shi ba tare da ja ba, da sabar masa da hannun baƙo a baki da jiki, abin da Saluki ba ya so saboda yana da ɗari-ɗari da wanda bai sani ba. Horon kuma bayan asuba ko bayan magariba ake yi, don kwaltar Jidda da rana tana ƙona tafin ƙafa. Sai dai ka lura, wanda ya matsa maka ka sayi kwikwiyonsa tun ranar farko, ko yake ɓoye takardun asalin karnukansa, ɗan kasuwa ne kawai, ka nemi wani.

Batun hukuncin ajiye kare, ka tambayi malaminka. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi magana kan dabbobin farauta da aka horar, amma fatawa ba fannina ba ce.

Ranar da za ka saya, ka tafi tare da ubangidan naka, ka ga uwar kwikwiyon da idonka, ka karɓi takardar asali da katin riga-kafi, musamman na ciwon haukan kare, da lambar shaida da ake sakawa ƙarƙashin fata. A tsarin FCI akwai ajin gasa na ƴan wata 6 zuwa 9, sannan na ƴan wata 9 zuwa 18, kuma a waɗannan ya kamata ku fara, kai da karen.