Amsa ga 'yar'uwar da ke son buɗe wa matasa zauren majami'a

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki, inda kika ce matasanku suna daina zuwa sujada da zarar sun gama makaranta, kuma kina so a buɗe musu zauren majami'a a tsakiyar mako amma kina tsoron dattawa ba za su yarda ba, sai na ji kamar labarina kike bayarwa, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Shekara uku na yi ina shugabantar matasa a ikkilisiyarmu. Akwai wani ɗaki da ake jibge karyayyun kujeru a ciki, muka share shi, muka sa tebura biyu da wurin cajin waya da 'yan littattafai. Ɗalibai suna zuwa karatun jarrabawa, masu neman aiki ana gyara musu takardu, wasu kuma suna koyon jita. Cikinsu akwai wani saurayi da ya daina zuwa coci tun rasuwar mahaifiyarsa, wanda ya yi wata huɗu yana zama a kusurwa ba ya kula kowa, sai wata rana muna tattara kujeru ya tambaye ni ko Allah yana jin addu'ar wanda ke fushi da shi.

Wata ranar Alhamis na iso na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar, matasa suna tsaye a waje da littattafansu a hannu. Wani dattijo ne ya sa aka kulle, wai mun mayar da gidan Ubangiji wurin hira. Bai kira ni ba, bai taɓa leƙa ɗakin ya ga abin da ake yi ba, kuma ranar Lahadi ya maimaita maganar a gaban jama'a ina zaune kaina a sunkuye. Na yafe masa, Allah ne shaidata, amma har yau idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi, domin saurayin nan yana cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar, ya dubi kwaɗon, ya juya ya tafi.

Kuskurena shi ne na dogara da izinin baki da fasto ya ba ni. Ke ki kai maganar gaban majalisar dattawa, a tattauna, a rubuta ta, sannan ki roƙi ɗaya daga cikinsu ya riƙa zama tare da ku. Idan suka ce sabon abu ne, ki buɗe musu Ayyukan Manzanni sura 19, inda Manzo Bulus ya shekara biyu a Afisa yana tattaunawa da mutane kowace rana a makarantar Tiranas, da sura 17, inda ya shiga kasuwar Atina, har ya kafa hujja da maganar mawaƙansu a Tudun Arasa. Ƙungiyar samari Kirista ta YMCA ma, wadda George Williams ya kafa a Landan a 1844 yana matashi mai aiki a kantin tufafi, da addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki ta soma, kuma a makarantarta ta Springfield a Amurka ne James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891.

Don Allah kada ki mayar da wurin tarko, a ce a zo karatu sannan a rufe ƙofa a fara wa'azi, domin matasa suna gane wannan nan take, kuma ba sa dawowa. Ki bari su saba da ke, tambayoyin za su fito da kansu. Ki ba biyu daga cikinsu makulli, su tsara abin da za a riƙa yi, amma a tabbata kullum akwai manya biyu a wurin, namiji da mace, don kare kowa daga zargi. Ki fara da yini ɗaya a mako wanda ba za a taɓa fasawa ba, ko da mutum uku ne suka zo.

Ina kuma roƙonki ki sa saurayin nan cikin addu'arki. Na yi ta kiransa, amma lambarsa ta daina shiga.